Ido ne ko Fata

Duk wanda ya taɓa noman rani a fadamar Badaguishiri ya san ƙarar bindigar Alkasum. Ba wata ƙara ce ta a zo a gani ba. Ƙaramar bindiga ce, irin da ake kira karabin, harsashinta bai fi ƙwayar wake girma ba, in ta tashi sai ka ce an karya busasshen kara. Amma in mai garka, wato lambun rani, ya ji wannan ƙarar daga bayan shingensa, ya san kuregen da ya hana shi sakat ya gama cin dankali a duniya.

Alkasum ya yi aikin gandun daji har ya yi ritaya, ya dawo gida da bindigarsa da takardunta, waɗanda bai taɓa bari shekara ta juyo bai sabunta su ba. Masu garka su ne suka ba shi aikin tsufa. Yau a aiko gafiya ta yi rami a gindin rogo, gobe a ce shaho ya gama da 'yan tsaki. Sai ya rataya bindiga ya gangara fadama. Harbin kansa bai ɗaukar lokaci, don mutumin ba ya harbi biyu a kan abu ɗaya. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne zaman da ke biyo baya a inuwar mangwaro, da shayi, da gardamar farashin iri, da tsokanar samari. Wannan zaman shi ne ladan da yake zuwa karɓa, ko da bai taɓa faɗa ba.

Gidansa kuwa ɗakuna sun fi mutane yawa. 'Ya'yansa maza sun tafi cin rani Abijan, ranin ya ƙi ƙarewa, sai dai murya a waya ranar Salla. Ɗiyarsa Saratu tana aure a Malbaza. Matarsa Bara'atu ta rasu a bazarar da ta wuce. Tun daga nan, in ya dawo daga masallaci, sallamar da yake yi a ƙofar gida shi ke amsa wa kansa.

Mutum ɗaya ya rage mai zuwa wurinsa ba don kurege ba, shi ne Yakuba baduku. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwon awaki. Kullum bayan la'asar Yakuba kan zo da jakar aikinsa ya zauna a tabarmar ƙofar gidan, yana ɗinki, Alkasum yana murɗa rediyo. Wani lokaci har a kira magariba ba su yi magana mai tsawo ba. Sana'ar Yakuba ta daɗe da ja baya, don takalman roba da jakunkunan roba sun cika kasuwa. Abin da ya rage masa bai wuce ɗinkin laya da kuben wuƙa ba. Amma in ka ga yadda yake riƙe basilla sai ka rantse sarki ne ya ba shi aikin.

A cikin kwanakin jinyar Bara'atu ne bindigar ta faɗo daga ƙusar da take rataye, ƙotar ta tsage ta gaba, daidai inda bututun ke kwanciya. Alkasum bai ko kula ba, hankalinsa na wani wuri. Yakuba ne ya gan ta jingine a zaure lokacin zaman makoki. Bai ce da kowa komai ba, ya ɗauke ta ya tafi da ita.

Bayan sadakar bakwai ya dawo da ita a naɗe cikin zane. Ya yi mata abin da ake yi wa ƙotar gatari in ta tsage, abin da kakanninsa suka yi wa bindigogin maharba tun zamanin bindigar adaka. Ya jiƙa ɗanyar fatar bijimi, ya naɗe tsagar da ita, ya haɗa har da bututun ya ɗinke tamau, ya bar ta ta bushe ta kame kamar ƙarfe. A bisa ya lulluɓa jar fatar akuya, ya yi mata ado da kore. Kai, aiki ya yi kyau. Ko maƙiyin Yakuba ya gani sai ya yaba.

"Ba ni da abin da zan kawo maka na gaisuwa," in ji Yakuba. "Wanga shi na nawa."

Alkasum ya karɓa, ya juya ta. Ya san abin da Yakuba bai sani ba. Bututun irin wannan bindiga ba ya son a riƙe shi. A can baya kawai yake haɗuwa da ƙota, inda noti ya kama shi, sauran tsawonsa kuwa sakayau yake, ba ya taɓa icce. To ga shi an ɗaure shi da icce kamar an ɗaure ɗan maraƙi a turke. Ya ɗaga kai ya dubi abokinsa, ya ga yadda yatsunsa suka faffashe da jan fata.

"Allah shi saka da alheri," ya ce. "Ta hi da kyau."

Daga nan kuskure ya fara. Fata aba ce mai rai ko bayan an yanka mai ita. In iska ta bushe sai ta ƙara matsewa ta ja bututun, in ya shiga laimar fadama sai ta saki. Harsashin da ya saba zuwa inda aka aike shi ya koma yin gaban kansa. Yau ya bi sama, gobe ya bi hagu. Kurege ya ji fiu ta gefen kunnensa, ya ɗaga wutsiya ya shige rami. Alkasum ya yi tunanin yanke fatar, ya fasa. Ƙotar da ke ƙarƙashi ta riga ta mutu, kuma wane irin mutum ne zai sa wuƙa ya yanke gaisuwar mutuwar matarsa?

Mutanen garinmu kuwa ba sa barin abu ya wuce ba su sa masa suna ba. Suka ce ido ne. Wasu suka ce kukan rashin Bara'atu ne ya cinye masa gani, wasu suka ce ai dama shekaru sun ja. Duk cikin tausayi suke faɗa, wanda shi ya fi ciwo. Aike ya fara raguwa. Abarshi, wanda garkarsa ta fi ta kowa girma kuma a inuwar mangwaronsa ake zaman shayi, ya koma sa tarko.

Wata ranar kasuwa, a teburin mai shayi, Muttaƙa ɗan Abarshi ya tsokane shi. Muttaƙa magidanci ne, amma bakinsa bai girma ba.

"Baba Alkasum, in na tahi Tawa in sawo maka madubin ido? An ce akwai mai ƙara ma kurege girma."

Aka yi dariya. Da a ce ranar Alkasum ya ci abinci mai ɗumi, ko ya kwana da wanda zai yi wa ƙorafi, da wataƙila ya yi dariyar shi ma. Amma abin ya daɗe yana cin sa.

"Idona lahiya lau shike," ya ce da ƙarfi. "Hwatar da Yakuba ya ɗinka ita ta ɓata man bindiga."

Magana zarar bunu ce. Kafin kasuwa ta watse ta zagaye gari. Kafin mako ya juyo, in mai faci ya gyara taya ta sake sacewa, sai a ce ɗinkin Yakuba. In mace ta ƙara wa miya gishiri ta lalace, ɗinkin Yakuba. Gari ya rabu biyu, masu cewa ido da masu cewa fata, kuma kowane ɓangare yana jin daɗin gardamar, don ba su ne ake yanka ba.

Yakuba bai zo ya yi faɗa ba. Daina zuwa kawai ya yi. Alkasum ya ci gaba da shimfiɗa tabarma bayan la'asar, ya zauna a gefe ɗaya kamar yadda ya saba, rediyo na ta surutu. In sun haɗu a masallaci su gaisa, lafiya lau, lafiya lau, kowa ya nemi takalminsa. Sau da yawa Alkasum ya yi niyyar bin sa gida, sai ya tambayi kansa me zai ce. Ya ce ƙarya ya yi? Ai ba ƙarya ya yi ba. Damina ta zo ta wuce a haka. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai, har ya kai ga yana jan mai tallan goro da hira don dai ya ji muryar mutum a ƙofar gidansa.

Da aka fara dashen albasa ya yanke shawara. Tunda aboki ya tafi, ko sunansa ya dawo da shi. Yana son a san idonsa lafiya lau, a sake aiko masa daga fadama. Ya yi wa Mahfuz waya, wani mai gyaran bindigogin maharba a Birnin Konni, ya faɗa masa irin bindigar. Mahfuz ya ce a ba shi lokaci. Da lokacin ya yi, Alkasum ya je wurin jandarma ya nuna takardunsa, ya naɗe bindigar cikin buhu, ya hau motar Konni. A kowane shingen hanya sai ya sauko ya yi bayani, sauran fasinja suna harararsa.

Shagon Mahfuz yana bayan kasuwa, tsakanin masu walda da masu gyaran babur. Iyayensa daga Sakkwato suka zo da fatauci, shi kuwa ya kama ƙarfe. Ya warware buhun, ya ga jar fata da koren ado, ya yi ɗan murmushi.

"Baba, wa ya yi mata wanga kwalliya? Amarya ta?"

"Wani abokina na."

"Shina son ka, amma bai san bindiga ba. Garin gyaran gira an rasa ido."

Ya ɗauko wuƙa. Alkasum ya juya kai ya kalli titi, inda 'yan kabu-kabu ke rige-rigen fasinja, har sai da ya ji ƙarar fatar ta ƙare. Da ya waiwayo, bututun na kwance tsirara a kan tebur, da shatin ɗaurin a jikinsa.

Mahfuz ya shiga ciki ya fito da ƙota biyu ya ajiye. Ɗaya baƙa ce wuluk, ba ta ƙyalli. Ɗaya kuwa icce ce, amma ba irin iccen da Alkasum ya sani ba, jikinta duk layi-layi ne, toka-toka da ruwan ƙasa.

"Wagga baƙar roba ta," in ji Mahfuz, "amma ba robar bokiti ba, an haɗa ta da wani zare mai ƙarhi. Ba ruwanta da damina, ba ruwanta da rani. Ko cikin rijiya ta kwana, ka hiddo ta ka share ka yi harbi. Gara ba ta ci nata. Ɗauka ka ji."

Alkasum ya ɗauka, hannunsa ya yi sama da ita don ya zaci ta fi haka nauyi. Ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta amsa kamar gora. Ya kai ta kumatu. Sanyi ne da ita da santsi, ba ta da wani wari.

"In ta sha rana hwa?"

"Tana ɗaukar zahi, gaskiya. Baƙin abu na. Amma ba ta lanƙwasa."

"Wagga kuma?"

"Wagga icce na, amma an yanka shi halle-halle, an jera, an manne da gam, an danne. Icce guda in ya sha laima shina murɗewa inda ya ga dama. Wanga kuwa in halle guda ya so tahiya, na kusa da shi ya riƙe shi. Aibinta guda, nauyi. Kuma tana son a riƙa shafa mata mai, ba a yasad da ita ba. Samari masu yawon daji roba suka so, don ba ta gajiyar da kahwaɗa. Ni in ka tambaye ni, Baba, da shekarunka, ka ɗauki mai sauƙi."

Alkasum ya ajiye baƙar. Ya ɗaga mai layin, ya sa ta a kafaɗa, ya kwantar da kumatunsa. Nauyin ya zauna masa a hannu. Ya lura da abin da bai gaya wa kowa ba: hannunsa na hagu ya fara 'yar rawa in ya miƙe shi, kaɗan dai, ba a gani sai an ƙura ido. Da baƙar ƙotar rawar ta fito fili, bakinta yana ta lilo. Da wannan kuwa nauyin ya danne ta. Ya sauke, ya sake ɗaukar baƙar, ya sake komawa. Ya daɗe yana wannan sauyi har Mahfuz ya gaji ya koma kan wani aiki.

Ya yi tunanin fadama da laimarta, ya ga roba ta fi. Ya yi tunanin tafiyar ƙasa daga gida zuwa garkar Abarshi da kaya a kafaɗa, ya ga roba ta fi. Sai ya yi tunanin yinin da zai riƙa yi shi kaɗai a gida. Baƙar ba ta buƙatar komai daga gare shi, ko shekara ta yi a rataye. Mai layin kuwa tana son a sauko da ita, a goge, a shafa mai.

"Sa man ta iccen," ya ce.

Mahfuz ya ɗora bututun, ya ɗaure notunan, ya yago 'yar takarda ya zura ta tsakanin bututu da ƙota. Ta wuce sumul tun daga gaba har baya.

"Ka gani? In dai takarda na wucewa, bindiga ta hita laihi. Abin da ya rage tsakaninka da idonka na."

Wannan maganar ta bi shi har cikin mota. Sai a lokacin ya gane abin da ya sayo. Duk watannin nan yana da abin da zai ɗora wa laifi. Yanzu babu. In ya yi kuskure, to mutanen gari sun yi gaskiya, kuma ya tozarta Yakuba a banza. Tun daga Tsarnawa har suka wuce Tajaye yana gwada idonsa a kan abubuwan bakin hanya, yana ƙirga awaki daga nesa, yana karanta lambar motar da ke gabansu.

Washegari da hantsi ya tafi bayan dutse, inda ba gona ba kiwo. Ya kafa wani guntun kwali a jikin tudu, ya ɗiga masa baƙin gawayi, ya ja da baya sosai. Ya zauna, ya dafa gwiwa, ya yi bisimilla. Ya harba, ya sake, ya sake, bai tashi ya duba ba sai da harsashin da ya zo da shi ya kusa ƙarewa. Sannan ya taka a hankali zuwa wurin kwalin, kamar mai zuwa jin sakamakon asibiti.

Duk sun shiga wuri ɗaya. Ya ɗora babban yatsansa, ya rufe ramin gaba ɗaya.

Dariya ta kuɓuce masa. Ya juya da kwalin a hannu don ya nuna, sai ya tuna shi kaɗai ya zo. Ya tsaya nan yana riƙe da kwali, murna ta cika masa ciki ba inda zai sauke ta. Daga baya ya ninke shi ya sa a aljihu ya koma gida.

Labarin sabuwar ƙota bai kwana ba, don direban da ya kawo shi ɗan garin ne. Bayan kwana kaɗan Abarshi ya aiko, ya ce Baba Alkasum ya zo garka bayan la'asar a sha shayi, ya zo da bindigar a gani. Alkasum ya yi wanka, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya zura kwalin nan a aljihu. Rabon da ya taka hanyar fadama da sauri haka har ya manta.

Da ya isa ya ga ba shayi kaɗai ba ne. Masu garka sun taru, har da waɗanda ba su da ko kwamin albasa ɗaya. Muttaƙa ya kafa sanda a can ƙarshen garkar, ya soke wata jar albasa a bisa.

"Yau za a san ko ido na, ko hwata ta," yana faɗa yana zagaye. "Gani ya kori ji."

Sai Alkasum ya hango Yakuba. Yana zaune a gefe a kan kifaffen bokiti, da jakar aikinsa a cinya. Muttaƙa ne ya je ya ɗauko shi a babur, wai shari'a ba ta yiwuwa ba mai ƙara ba wanda ake ƙara. Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ba wanda ya zauna kusa da shi.

Abarshi ya karɓi bindigar yana shafa layin ƙotar, aka miƙa ta hannu zuwa hannu ana yabawa. Da ta zo kusa da Yakuba, bai miƙa hannu ba. Ya dubi inda fatarsa take a da, ya kawar da kai.

"Baba Yakuba, mi ka ce?" in ji Muttaƙa. "In ya same ta hwa?"

Yakuba ya buɗe jakarsa ya fiddo basilla, wadda ƙotarta ta yi baƙi da gumin hannu. Muryarsa ba ta yi ƙarfi ba, amma kowa ya ji.

"In ya same ta, ga rijiya nan, cikinta za ni jehwa wagga. Hannun da ya ɓata kayan abokinai ranar makoki bai kamata shi ƙara taɓa hwata ba. Tun da anka hwara maganar ga ba wanda ya kawo man ko laya. Gara in sani."

Wasu suka yi dariya, sun zaci wasa ne. Alkasum bai yi ba. Ya san mutumin tun ba su san kunya ba, bai taɓa jin ya faɗi abu ya fasa ba.

Aka ba shi wuri. Ya zauna a kan kunya, ya dafa gwiwa, ya kwantar da kumatu a kan iccen. Nauyin ya danne rawar hannun. Albasar ta zo ta zauna a kan ƙarfen saiti kamar an ɗora ta da hannu. Yana ganin ɓawonta da ya ɗago ta gefe ɗaya, yana ganin inda sandar ta huda ta. Bai taɓa samun harbi mai sauƙin wannan ba. Ja ɗaya, ya sami sunansa, da aiken safe, da wurin zamansa a inuwar mangwaro. Abin da ya je Konni nema ke nan, kuma yana son sa har cikin ransa.

Ya ji Yakuba ya yi tari a bayansa, irin ɗan tarin da yake yi in zai zura zare.

Alkasum ya karkatar da bakin bindigar dama, kaɗan, kamar faɗin gashi. Ya ja kunama. Ƙura ta tashi a jikin shinge, albasar ba ta motsa ba.



"Bai saba da ita ba tukuna," in ji Abarshi. "Sake, Baba."

Ya sake. Wannan karon ya aika harsashin ƙasa, ya tono gindin sandar. Ya san in ya tsaya a nan za a ce iska ce, gobe a sake tara mutane. Don haka ya ɗago kai, ya murza ido da bayan hannu, ya ƙanƙance su kamar mai neman wata, ya tambaya ko albasar tana nan a bisa sandar. Ya harba na ƙarshe can sama, inda ko makaho ya san ba a samu ba.

Ba wanda ya yi dariya, har Muttaƙa. Da dariyar aka yi da ta fi masa sauƙi. Mutane suka fara duban ƙasa, wani ya tuna bai kashe injin ban ruwa ba, wani ya ce rana ta yi. Abarshi ya zo ya durƙusa kusa da shi, ya miƙa masa kofin shayi da hannu biyu.

"Ba komi, Baba. Ka yi muna aiki shekara da shekaru, Allah shi ba da lada. Yanzu sai ka huta. Kurege mu ji da shi."

Alkasum ya karɓi shayin ya shanye. Ya san sallama ce aka yi masa, kuma ba za a sake aikowa ba. Kwalin nan yana cikin aljihunsa, yana jin gefensa a cinya. Bai taɓa shi ba.

Ya rataya bindiga ya kama hanya. Bai yi nisa ba ya ji taku a bayansa, da ƙarar kayan aiki a cikin jaka. Yakuba ya cim masa yana haki. Suka jera har suka wuce garake biyu.

"Don mi ba ka gaya man ba?" in ji Yakuba. "Ciwon ido ai ba abin kunya ba na. Ka bari muna ta hushi da juna a banza."

"Haka na."

"Ni na yahe maka. Wanda ganinai ya tahi, dole shi nemi abin da za shi kama. Ka sa Saratu ta kai ka asibiti a duba."

"To."

Suka zo bakin hanyar ruwan da ta raba fadama da tudu. Ba ta da faɗi, yaro ma tsallake ta yake yi. Alkasum yana ganin ta sarai, yana ganin jerin tururuwa a ɗaya gefen suna jan fiffiken fara. Ya ɗaga ƙafa zai tsallaka, sai ya ji hannun Yakuba ya kama masa damtse, tamau, da yatsun nan masu kaushi.

"Tsaya. Akwai rami gabanka. Ɗaga ƙahwa da kyau, ina riƙe da kai."

Alkasum ya tsaya. Ya miƙa ƙafa yana lalube, kamar bai san inda ƙasa take ba, ya bari aka tsallakar da shi.